Yadda na haɗa bidiyo masu tsari daban-daban a fim guda a Tawa

Aikin montaj, wato yanka da haɗa bidiyo, nake yi a Tawa, kuma mafi yawan abin da ake kawo mini hotunan biki ne da suna da tarurruka, waɗanda kamera guda ta ɗauka daga farko har ƙarshe. A bazarar da ta wuce wata ƙungiyar manoman albasa ta yankin Galmi ta ba ni aikin haɗa fim na minti 26 kan tarihinta, wanda take so a nuna a tele kuma a ɗora a Facebook da YouTube. Ina rubuta abin da ya wakana daki-daki saboda na san akwai masu wannan sana'a a Tawa da Yamai da Maraɗi da Damagaram da za a aza wa irin wannan kaya, kuma ruɗanin da na shiga ana iya kauce masa idan an san ta inda ake farawa.

Zangon farko shi ne biron ƙungiyar. Shugabar, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, ta sa aka fito mini da wani kwali. A ciki akwai kaset-kaset na HDV da wani mai ɗaukar hoto ya yi musu fiye da shekara goma da suka wuce, da wani tsohon diski da sakatare ya riƙa zuba fayilolin kamerar hannu a ciki, da katin kamerar Canon na wani saurayi da ya ɗauki hirarraki a bara, da kile USB mai ɗauke da hotunan gonaki daga sama waɗanda aka ɗauka da jirgi marar matuƙi na DJI. Ban da waɗannan, manoma da dama sun turo abin da suka ɗauka da salula. Hajiya ta ce mini: «Ɗana, an ce duka HD ne, sai ka jera su kawai.» Na ce: «To Hajiya, bari in duba su tukuna kafin in yi alkawarin rana.» Kafin in fita na roƙi sakatare mu rubuta takardar karɓar kaya, muka lissafa kowane kaset da kowane kati, muka sa hannu, ya riƙe kwafi na riƙe kwafi. Sun ba ni rabin kuɗin aiki a ranar, sauran sai an miƙa fim.

Da dare na ɗauki guntu guda daga kowane irin fayil na jera su a manhajar montaj ta DaVinci Resolve don in ga yadda za su zauna da juna, kuma abin da na gani ya tayar mini da hankali. Hoton kamerar hannu, duk inda mutum ya motsa hannu sai gefen hannun ya tsattsage kamar haƙoran matsefi. Hoton sama yana tafiya yana ɗingishi. Wata hira da aka ɗauka da iPhone ta yi fari fat, fuskar mai magana ta wanke, kuma bayan ƴan mintuna bakinsa ya rabu da muryarsa. Kwamfutar kuma tana tsayawa tana ci gaba, fankarta na kuka. A daren na kasa gane ko na'urata ce ta gaza, ko manhajar ce, ko kayan ne suka lalace, har na fara tunanin mayar da kuɗin mutane.

Washegari na bar fayilolin na nufi reshen tashar telen da za ta nuna fim ɗin, domin in ji tsarin da suke karɓa. Na tarar mai kula da sashen fasaha ya fita ɗaukar rahoto, na zauna a benci a inuwa har bayan azahar. Da ya dawo bai ɓata mini lokaci ba. Ya ce suna son faɗin hoto 1920 da tsayi 1080, hotuna 25 a kowace daƙiƙa, sauti a kilohaz 48, a fayil na MP4, kuma kada fim ya wuce mintunan da aka saya. Ya ƙara da cewa in kawo guntun gwaji na minti biyu kafin in fitar da fim ɗin gaba ɗaya. Na sa ya rubuta mini a takarda da hannunsa. Wannan takarda ita ce ta warware mini rabin matsalar, domin daga nan tambayar ta sauya. Na daina tambayar yadda zan sa fayiloli su jitu da juna, na koma tambayar abin da kowane fayil yake buƙata kafin ya zama 1080 mai hotuna 25. Wannan adadi na 25 ba son rai ba ne. Kuran ɗinmu yana tafiya a haz 50, kamar na Faransa da sauran Turai, kuma a kansa aka gina tsarin tele na ƙasashenmu, alhali Amurka da Japan suna kan 29,97, wanda ake kira 30 a taƙaice. Salula da jiragen ɗaukar hoto da yawa da wannan 30 ɗin suke fitowa daga kwali, kuma ba kowa ke shiga ya sauya ba.

Sai maganar kaset. HDV tsari ne da ya fito a 2003, yana rubuta hoto mai tsarin MPEG-2 a kan ƙaramin kaset na MiniDV, kuma ba a kwafe shi yadda ake kwafe fayil. Dole a sami kamera ko na'urar da ke karanta shi, a haɗa ta da kwamfuta da wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, a bar kaset ya yi tafiyarsa, awa guda ta hoto ta ci awa guda ta zama. Na zagaya wuraren abokan sana'a a Tawa ban sami mai kamerar da ke aiki ba, kuma kwamfutocin yanzu ba su zuwa da ramin FireWire. Wani aboki ya haɗa ni da wani tsohon ma'aikacin tele da ya yi ritaya a Yamai, wanda har yanzu yake riƙe da kamerar Sony Z1 da tsohuwar kwamfutar tebur mai wannan rami. Na hau motar safe, muka bi ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500, kwalin kaset a kan cinyata saboda ban yarda in sa shi a bayan mota cikin zafi da ƙura ba. Kafin in je wurinsa na biya kasuwa na sayi diski na waje mai tera 2 a kan jika hamsin da wani abu. Na gwada shi a gaban mai shago, na karɓi takardar saye, sannan na tsara shi da exFAT, ɗaya daga cikin tsarin ajiyar fayil a diski, saboda tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, kuma exFAT na buɗuwa a Windows da Mac duka.

A gidan dattijon na ga yadda ake girmama kaset. Kowane ɗaya sai ya tura shi har ƙarshe ya mayar da shi farko kafin ya fara ɗauka, ya ce kaset da ya daɗe a ajiye yana mannewa. Ya sa kaset na goge kan kamera, wato sashen da ke karanta kaset, sau ɗaya, ya ce yawan sa shi ma yana cin kan. Muka zauna muna kallon ƙaramin allon kamerar, mata suna tsinke ganyen albasa a wata gona, wasunsu an ce sun riga mu gidan gaskiya. A kaset guda hoto ya tsaya cak na kusan rabin daƙiƙa, ya rikiɗe zuwa ƴan murabba'ai, sannan ya ci gaba. Na ce: «Baba, kamerar ce?» Ya ce: «A'a yarona, ƙura ce a kan kaset. A HDV cikakken hoto ɗaya ne a cikin goma sha biyu, sauran duk a kansa suka dogara, shi ya sa ɗan ƙaramin tabo ke tafiya da su gaba ɗaya.» Muka maimaita wurin, a karo na biyu ya wuce lafiya. Ya kuma ja hankalina kan abin da zan tarar a gaba: hoton HDV faɗinsa 1440 ne ba 1920 ba, ɗigoginsa masu faɗi ne, ana miƙa su ninki 1,33 kafin su cika allo, don haka idan na ga mutane sun rame sun yi tsawo kada in ja hoton da hannu, in gyara siffar ɗigo a bayanan fayil. Ya karɓi jika uku a kan kowane kaset, kuma kowace awa ta ci kusan giga 12 a diski. Na kwana a wurin dangi a Bukoki har muka gama.

Da na dawo Tawa ban buɗe manhajar montaj ba. Na sauke MediaInfo, ƙaramar manhaja ta kyauta da ke faɗin abin da ke cikin fayil, na ɗauki kaiye na ja layuka, na riƙa rubuta wa kowane rukuni faɗi da tsayi, yawan hotuna a daƙiƙa, kodek, wato hanyar da aka matse hoton, tsarin sauti, da ko hoton cikakke ne ko mai rabi biyu. A nan komai ya fito fili. Kamerar hannu AVCHD ce, tsarin da Sony da Panasonic suka fitar a 2006, kuma ta ɗauka a 1080i50, wato kowane hoto rabi biyu ne, layukan mara da layukan cika, waɗanda aka ɗauka a lokuta biyu daban. Tsohuwar tele tana nuna su bi da bi, amma allon kwamfuta yana nuna su tare, shi ne tsattsagewar da na gani. Kaset-kaset ɗin ma haka suke. Canon ta ɗauka a 1080 mai cikakkun hotuna 25, ita kaɗai ce ta dace da takardar tele ba tare da an taɓa ta ba. Jirgin ya ɗauka a 3840 da 2160, hotuna 29,97. Salula kuwa kowace da halinta, amma kusan duka saurin hotunansu ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon haske da zafin wayar, kuma wannan ne ke raba baki da murya a hira mai tsawo. Fayil ɗin iPhone mai kodek na HEVC ne, an kuma ɗauke shi da HDR, tsarin da ke faɗaɗa haske da launi, abin da wayoyin suka fara yi tun daga iPhone 12 a 2020, shi ya sa ya wanke a kan layin montaj da ke kan Rec.709, tsarin launin da aka saba da shi a hoton HD.

Tsohon diskin ƙungiya ya zo da nasa ciwon kai. An kwashe fayilolin MTS, wato na bidiyon kansa, kaɗai daga cikin katuna an bar sauran dosiyen, alhali kamerar AVCHD tana ajiye bayanan haɗin fayiloli a wasu ƙananan dosiye da ke gefen wanda ake kira STREAM. Kamerar tana yanka dogon ɗauka gida-gida saboda iyakar girman fayil, kuma idan babu waɗannan bayanai sai a ji ɗan tsinkewar sauti a kowace mahaɗa. Ga shi kowane kati yana fara lissafi daga 00000, don haka na tarar da fayiloli masu suna ɗaya a wurare da yawa. Na ba kowane fayil sabon suna mai ɗauke da shekara da wuri da irin kamera, sannan guntayen da ke ci gaban juna na manne su da umarnin copy /b na Windows, wanda ke haɗa su baki da baki ba tare da ya taɓa hoton ba, tsinkewar ta ɓace. Hotunan da aka turo ta WhatsApp kuwa babu dabarar da za ta gyara su, domin an matse su an rage musu girma tun a hanya. Na koma wurin sakatare, ya kira manoman ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ke kusa suka kawo wayoyinsu na kwafa da waya, na nesa suka sake turowa ta WhatsApp a matsayin takarda, wato «document», hanyar da ba ta matse hoto. Wasu sun riga sun goge na asali, dole na yi amfani da abin da ke hannu a wuraren da ba a iya tsallakewa.

Daga nan na shiga juya fayiloli, wanda shi ne zangon da ya fi cin lokaci da haƙuri. Na yi amfani da Shutter Encoder, manhajar kyauta ta juya fayilolin bidiyo, kuma tana da Faransanci. Na zaɓi in mayar da komai, ban da hotunan jirgi, zuwa kodek na montaj da ake kira DNxHD mai megabit 120 a daƙiƙa, da sauti marar matsi a kilohaz 48. Dalili shi ne H.264 da HEVC da MPEG-2 an yi su ne don rage nauyin ajiya, kuma kafin kwamfuta ta nuna hoto guda sai ta lissafa na gabansa da na bayansa, alhali a DNxHD kowane hoto yana tsaye da kansa, ko tsohuwar na'ura tana ja da baya tana gaba ba gargada. Kuɗin wannan sauƙi shi ne wuri: awa guda tana cin kusan giga 54, kusan ninki biyar na fayil ɗin asali. Saboda haka ban juya komai da komai ba. Na fara kallon kayan a manhajar kallon bidiyo ta VLC na ware abin da zai iya shiga fim, shi kaɗai na juya. Na AVCHD da HDV na haɗe rabin hotunansu suka zama cikakku 25, kuma na HDV na fitar da su kai tsaye a 1920 don in huta da maganar siffar ɗigo. Wani ɗan wuri da ake loda buhunan albasa a babbar mota na fitar da shi a hotuna 50, kowane rabi ya zama hoto guda, abin da ya ba ni damar rage saurinsa zuwa rabi ba tare da ya yi tsalle ba. Na salula na tilasta musu tsayayyen sauri. Lokacin Afrilu ne, zafin Tawa ya haura digiri 40, kwamfuta tana rage gudu da kanta da rana, kuran kuma yana ɗaukewa ba sanarwa. Na koma yin aikin da dare, rukuni kaɗan-kaɗan, ta yadda idan wuta ta tafi fayil guda kawai zan sake. Akwai daren da na zauna cikin duhu ina sauraron ƙarar batirin kariya yana ƙirga sauran mintunansa, layin ci gaba yana kusa da ƙarshe, ina addu'a ya kai.

Kafin in shigar da ko fayil ɗaya a sabon aikin Resolve, na saita layin montaj a 1920 da 1080, hotuna 25. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai, domin manhajar tana zuwa a kan 24, kuma da zarar an shigar da kaya saurin aikin yana kullewa. Idan fayil na farko ya bambanta da saitin, tana tambaya ko a sauya aikin ya bi fayil ɗin, kuma amsar a irin wannan hali ita ce a'a. Hotunan jirgi su ne suka fi ba ni daɗi, saboda ba su da magana a ciki. Maimakon in bar manhaja ta riƙa jefar da hoto ɗaya cikin kowane shida, wanda shi ne ɗingishin da na gani a daren farko, sai na shiga bayanan fayil na ce a karanta shi a 25. Tafiyar ta ragu zuwa kusan kashi 83 cikin 100, babu hoton da ya ɓata, kuma gonakin suka riƙa wucewa a natse. Girmansu na 4K, wato 3840 da 2160, ya ba ni sararin matso da wani yanki ba tare da hoto ya dushe ba. Hirarrakin salula masu 30 ba su karɓi wannan dabara ba, domin murya za ta yi nauyi. A nan na gwada hanyoyi uku da manhajar ke bayarwa. Jefar da hoto ya wadatar idan mutum yana zaune yana magana, cakuɗa hotuna yana barin inuwa a bayan hannu, ita kuma hanyar da ke ƙirƙiro sabbin hotuna a tsakani tana da kyau amma tana narkar da gefen mayafi idan iska ta kaɗa shi, kuma tana cin lokaci. A ganina kada a ɗora hanya guda a kan fim duka, a duba kowane guntu a zaɓa masa. Na iPhone na mayar da launinsa zuwa Rec.709, fuskar ta dawo da kamanninta. Waɗanda aka ɗauka a tsaye na bar su a tsakiya, na cika gefe da kwafinsu da aka dusashe. Wani taro da aka ɗauka da salula a ƙarƙashin fitilar neyon yana da ratsin duhu da ke gangarowa, sakamakon ɗaukar 30 a hasken haz 50, kuma rage shi kawai na iya yi.

Ban yi ƙoƙarin sa hoton kaset ya yi kama da na Canon ba. Na daidaita fari da hasken fata don kada ido ya firgita a wurin sauyi, amma na bar tsohon hoto da laushinsa, na rubuta shekararsa a ƙasa. Mai kallo yana karɓar bambanci idan ya san dalilinsa.

Na kai guntun gwaji tashar, mai fasaha ya sa shi a na'urarsu, ya ce hoto ya yi amma sautin hirarrakin salula ya fi na sauran ƙarfi. Na koma na daidaita, na fitar da fim gaba ɗaya cikin dare, na kalle shi daga farko har ƙarshe a tele ta gida da kuma a salula kafin in miƙa. Hajiya da ƴan kwamitinta sun kalla a biro, da aka zo wurin matan da ke cikin tsohon kaset ɗakin ya yi tsit, sai wata ta fara kiran sunayensu. A ranar aka cika mini kuɗina.

Wanda irin wannan aiki ya zo masa, ya fara da zuwa wurin da za a nuna fim ya karɓo tsarinsu a rubuce, domin shi ne ma'aunin da za a gwada kowane fayil da shi. Kada ya yanke farashi ko ya sa rana sai ya buɗe kayan a MediaInfo, kuma ya sa kuɗin diski da na ɗaukar kaset da na mota a cikin lissafi tun farko, ya bayyana wa mai aiki dalilinsu, saboda yawancin masu ba da aiki ba su san akwai wannan zango ba. Lokacin dubawa da juyawa a wurina ya fi na montaj ɗin kansa tsawo. Fayilolin asali kuma ba a goge su bayan an juya, domin daga gare su ake komawa idan wani abu ya ɓaci.

Na bar wa ƙungiyar takarda mai shafi guda don masu ɗaukar musu hoto nan gaba: a saita kowace kamera a 1080 da hotuna 25, a riƙe salula a kwance, a kashe HDR, a kwafe kati gaba ɗaya da dukan dosiyensa, kuma a turo bidiyo a matsayin takarda. Abin da aka ɗauko daga kaset na sa sun sayi diski na biyu mun kwafa a ciki, ɗaya yana biro ɗaya yana gidan Hajiya, domin kamerorin da ke karanta HDV an daina ƙera su, kuma dattijon na Yamai ya faɗa mini cewa idan kan tasa ya mutu bai san inda zai sami wani ba.